LAFIYAR GIDA: Cizon Haƙora Cikin Barci da Kuɗin Garkuwar Haƙori

A watan nan za mu tsaya a kan wasiƙa guda ɗaya, gama tambayar da ke cikinta ta shafi gidaje da yawa.

Wata uwargida ce ta rubuto mana. Maigidanta malamin makaranta ne, suna da 'ya'ya huɗu. Ta ce yau kusan shekara biyu ke nan, da zarar barci ya ɗauke shi sai ya shiga cizon haƙora, ƙara tana tashi kamar ana niƙa a dutse, har takan tashi ta zauna. Shi kuwa bai san yana yi ba, har sun taɓa yin gardama a kai. Yanzu yakan farka da ciwon kai da tsamin muƙamuƙi. Ruwan randa ma in ya taɓa haƙoransa sai ya runtse ido.

Sun je wurin likitan haƙori a birni. Likita ya duba, ya ce haƙoran sun fara cinyewa, sai a yi masa wani abu na roba daidai bakinsa wanda zai riƙa sawa da dare. Da aka faɗa musu kuɗin sai jikinsu ya yi sanyi, domin ya kusa rabin albashinsa na wata, ga kuɗin makarantar yara a bakin ƙofa. Surukarta ta ce tsutsar ciki ce, a ba shi maganin tsutsa a huta. Ƙanin maigidan, wanda ke karatu a Ingila, ya ce akwai irin wannan robar a kemis da araha. Ita kuwa tambayarta ita ce: don me ɗan guntun roba zai yi tsada haka, kuma ya cancanta su matse bakin aljihu su saya?

'Yar'uwa, mun gode da wasiƙarki. Ga amsa, daki-daki.

ABIN DA KE FARUWA DA DARE

Mutum mai lafiya haƙoransa na sama da na ƙasa ba su cika haɗuwa ba. Sai lokacin tauna da haɗiya suke taɓa juna, kuma in aka tara duka a yini guda, kimanin minti 20 ne. Sauran lokaci leɓɓa suna rufe, amma akwai ɗan fili tsakanin haƙoran.

Mai cizon haƙora kuwa, cikin barci naman muƙamuƙinsa yakan ɗaure, ya matse haƙoran, ya goga su da juna. Da rana in mutum ya tauna tsakuwa a tuwo, nan da nan zai saki. Cikin barci ba ya jin wannan gargaɗi sosai, don haka yakan matsa da ƙarfi ƙwarai. Kusan mutum 1 cikin 10 na manya yana yin haka. Akwai kuma masu datse haƙora da rana, suna aiki ko suna tuƙi, ba tare da wata ƙara ba.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Amma yana da aibi guda: in ya cinye, ba ya sake tsirowa. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, farce yakan fito, amma ɓawon haƙori in ya tafi ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani sashi mai ɗan rawaya, wanda bai kai shi tauri ba, kuma yana kai saƙo ga jijiya. Shi ya sa ruwan sanyi ke damun maigidanki. Ɓawon ya yi siriri, sanyi yana isa inda bai kamata ya isa ba.

Ga alamun da ya kamata iyali su lura da su: haƙoran gaba sun gajarta ko bakinsu ya daidaita kamar an goge da zarto, tsamin muƙamuƙi da safe, ciwon kai a gefe biyu, sama da kunne, ƙara ko ciwo a gaɓar muƙamuƙi in an buɗe baki, farin layi a cikin kunci, cikon haƙori yana yawan faɗuwa, ko haƙori ya tsage ba tare da an buge shi ba.

ME KE KAWO SHI?

Babban abin da likitoci suka fi gani tare da shi, shi ne damuwa da yawan tunani. Mutum ya kwanta da bashi a ransa, ko rigimar wurin aiki, ko tsoron gobe, jiki ya kwanta amma muƙamuƙi bai kwanta ba. Sai kuma abubuwan da ke tsinka barci: goro, kofi da shayi mai kauri da yamma, taba, da giya. Waɗansu magungunan ciwon damuwa ma sukan jawo shi. Yakan bi jini a waɗansu gidaje. Akwai kuma masu minshari mai ƙarfi, waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa na ɗan lokaci cikin barci; su ma sukan ciji haƙora.

Game da maganar surukarki, ki amsa mata da ladabi, gama abin da ta ji daga iyayenta ta faɗa, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake faɗar haka ba. Amma likitoci ba su tabbatar cewa tsutsar ciki ce ke kawo cizon haƙora ba. Wanda ake zaton yana da tsutsa, a kai bayan gidansa asibiti a gwada. In an samu, a sha magani domin tsutsar. Kada dai a sa rai cewa maganin tsutsa zai tsare haƙoran babban mutum.

Akwai kuma waɗanda suke tsorata don sun ji ana ambaton cizon haƙora a cikin Bisharar Matiyu a wuraren da ake maganar hukunci, waɗansu kuma sukan ce maita ce ko aikin iska. Ku kwantar da hankalinku. Abin da muke magana a kai lalurar jiki ce, kamar minshari ko magagin barci. Ba alamar zunubi ba ce, ba kuwa dalilin zargin kowa ba ne.

GARKUWA IRI UKU

Wannan roba da likita ya ambata, bari mu kira ta garkuwar haƙori. Ana sa ta a kan haƙoran sama ko na ƙasa, domin in an yi gugar dare, roba ta cinye maimakon haƙori. Sai a lura da wannan da kyau: garkuwa ba ta warkar da cizon haƙora. Aikinta tsaro ne, kamar yadda takalmi ba ya kawar da ƙaya daga hanya, amma yana tsare ƙafa. Waɗansu kuma sukan sami sauƙin ciwon muƙamuƙi da ita.

Iri na farko, wadda ake sayarwa a shirye, girma ɗaya ga kowa. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi rashin amfani. Ba ta zama daram, takan faɗo cikin barci, takan sa mutum ya ƙara datsewa don ya riƙe ta.

Iri na biyu, wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, sa'an nan a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Mai yiwuwa ita ce ƙanin maigidanki yake nufi. Ta fi ta farko. Amma tana da kauri a baki, tana da laushi, mai cizo da ƙarfi yakan huda ta cikin 'yan watanni. Waɗansu ma laushin yakan sa su ƙara tauna, kamar an ba su cingam.

Iri na uku ita ce ta likita, wadda ake yi daidai bakin mutum ɗaya. Akwai mai laushi, akwai mai tauri, akwai mai laushi a ciki da tauri a waje. Mai taurin da ta fi shahara ana kiranta da sunan Jami'ar Mishigan ta Amurka, inda likitoci biyu, Ramfjord da Ash, suka kyautata ta, suka kuma bayyana ta a shekarun 1960. Takan rufe dukan haƙoran sama, kaurinta kimanin milimita 2 ne wajen matauni, samanta a shafe yake domin haƙoran ƙasa su riƙa zamewa a kai. In an kula da ita takan yi shekaru.

DON ME TA LIKITA KE DA TSADA?

'Yar'uwa, gaskiyarki, robar kanta ba ta kai wannan kuɗi ba. Amma ba roba kaɗai kuke saya ba. Ki tuna da tela. Yadi ɗaya ne, amma rigar da aka auna mutum aka ɗinka masa dabam take da wadda aka rataye a kasuwa.

Da fari likita zai duba baki duka, ya tabbata babu ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon dasashi, gama in akwai, tilas a gyara tukuna. Sa'an nan ya cika wani ɗan faranti da wani ƙulli mai daskarewa, wanda ake samo sinadarinsa daga ciyawar teku, ya danna a haƙora na minti kaɗan, ya ciro siffarsu. A waɗansu asibitoci na zamani, da ƙaramar kyamara ake ɗaukar siffar a sa a kwamfuta. Daga nan sai a zuba filasta a cikin siffar, a sami haƙoran mutum na dutse. Wani ma'aikaci dabam, wanda ya koyi sana'ar ƙera haƙora a makaranta irin ta Gwamnatin Tarayya da ke Inugu, shi zai gina garkuwar a kan wannan dutse, ya datse, ya goge. Sai a koma wurin likita ya gwada ta a baki, ya sa takarda mai launi a ciza, ya kankare duk inda ta yi tudu, har haƙora su sauka a kanta daidai. Sau da yawa akan sake komawa bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara gyara.

Kin ga ashe aikin mutum biyu ne masu ilmi, da zuwa biyu ko uku, da wuta, da na'ura, da tsabtace kayan aiki. Ga shi kuma yawancin kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, sai ga shi a 2024 dala ta haura naira 1,500. Duk abin da ake sayowa da dala ya bi ta, har da kayan likitan haƙori.

YADDA AKE BIYA A WAƊANSU ƘASASHE

Kada ki zaci ku kaɗai kuke kuka. A Amurka, wanda ya je wurin likita a yi masa garkuwa galibi yakan biya tsakanin dala 300 da 800, alhali ta ruwan zafi a kanti dala 20 ko 30 ce. Akwai kuma kamfanonin da ke aiko wa mutum da ƙullin ta gidan waya, ya ɗauki siffar da kansa ya mayar musu, su ƙera su aiko. Kuɗinsu yana tsakiya, amma ba wanda ya duba bakin, ba kuwa mai gyarawa a gaban mutum. A Ingila, a ƙarƙashin tsarin lafiya na gwamnati, garkuwar da aka ƙera a ɗakin aiki tana cikin aji mafi tsada na aikin haƙori, wanda a watan Afrilu na 2024 aka yanka masa fam 319.10.

Don a ga nauyin abin: dala 300 a kan naira 1,500 ta zama naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau albashin fiye da wata shida ke nan. Saboda haka wanda ke da ɗan'uwa a waje kada ya ɗauka can ne araha take. Balle ma garkuwar likita ba a aiko da ita kamar agogo, sai bakin mai ita yana wurin.

A nan gida kuɗin ya danganta ga gari, da irin robar, da irin asibitin. Asibitocin koyarwa na gwamnati, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jos, da na Maiduguri, suna da sashen haƙori, kuma asibitin gwamnati galibi ya fi na kuɗi sauƙi, ko da yake akwai layi da jira. Ba laifi ba ne a tambayi wuri biyu kafin a biya.

A YI LISSAFI

Ga hanyar da za ku auna. In garkuwa ta yi shekara 3, dare 1,095 ke nan. Kowace naira 10,000 da kuka biya ta zama wajen naira 9 a dare. Ku ɗauki kuɗin da likita ya faɗa muku ku raba haka, sa'an nan ku gwada da abin da ke fita kullum a goro ko katin waya.

Sai ku dubi ɗaya gefen. Haƙorin da ya tsage har ciki, sai an cire jijiyarsa an sa masa hula, ko kuwa a cire shi ɗungum. Gyaran haƙori ɗaya irin wannan yakan fi kuɗin garkuwa, cizon dare kuwa ba haƙori ɗaya yake ci ba. Babba haƙora 32 gare shi in sun cika, ba kuma waɗansu da ke zuwa a bayansu. Malamin makaranta da bakinsa yake neman abinci. Rigakafi ya fi magani.

Amma ba kowane mai cizon haƙora ne yake bukatar garkuwar likita ba. Wanda yake yi jefi-jefi, lokacin jarrabawa ko wata damuwa mai wucewa, haƙoransa lafiya, ba ciwo, to, ya gyara barcinsa, ya riƙa zuwa ana dubawa. Maigidanki kuwa ya wuce nan. Shekara biyu, ga ciwo kowace safiya, ga sanyi yana shiga haƙori, ga likita ya ga cinyewa da idonsa. A ganinmu ya cancanta ku saya.

IN KUƊIN BAI SAMU BA TUKUNA

Wannan ba haɗari ba ne na kwana ɗaya. Cinyewar haƙori a hankali take tafiya, jinkirin wata biyu ko uku don a biya kuɗin makaranta ba zai rushe kome ba, muddin babu haƙorin da ya tsage ko ciwo mai tsanani. Abin gudu shi ne wata uku ya zama shekara uku. Ku sa rana, ku riƙa ajiye kaɗan-kaɗan, ko ku nemi a ba ku kwasan adashi a watan da kuka tsayar.

Kafin nan, ga abin da ba ya cin ko kwabo. Ya bar goro, kofi da shayi mai kauri daga la'asar. In yana shan taba ko giya, ga ƙarin dalilin bari. Ya tsayar da lokacin kwanciya, ya ajiye waya da takardun 'yan makaranta tun kafin lokacin. Ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya ɗora a muƙamuƙi minti 10, ya murza wurin a hankali. Da rana ya riƙa tuna wa kansa: leɓɓa a rufe, haƙora a rabe. Ya huta da ƙashi, da ganda, da rake, da cingam, kada kuma ya buɗe kwalba da haƙori.

Ta ruwan zafi za ta iya riƙe shi na ɗan lokaci, da babu gara ba daɗi. Amma a nemi wadda ta rufe dukan haƙoran, gama wadda ta rufe kaɗan ta bar saura tana iya sa haƙora su gusa daga wurinsu. In ya ga ciwo ya ƙaru, ko haƙoransa ba su haɗuwa kamar dā, ya bar ta nan da nan.

Abu guda kuma muhimmi: in yana minshari mai ƙarfi, kina jin numfashinsa yana tsayawa sa'an nan ya fizgo shi, ko yana gyangyaɗi da rana, ku faɗa wa likita kafin a ƙera kome. Garkuwar sama takan ƙara wa waɗansu masu wannan lalura wahalar numfashi, kuma lalurar kanta tana bukatar nata magani.

TAMBAYOYI BIYAR GA LIKITA

1. Wace iri za a yi, mai tauri ko mai laushi, kuma don me?
2. Kuɗin ya haɗa da dubawa, da ɗaukar siffa, da gyaran baya?
3. In ba ta zauna daidai ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa?
4. Za a iya biya kashi biyu, rabi ranar awo, rabi ranar karɓa?
5. Ga mai inshorar lafiya ta wurin aiki: tana ɗaukar wani abu a ciki? A tambaya tun kafin a fara.

Ku tabbata likita ne mai rajista. Masu cire haƙori a kasuwa da masu sa haƙorin Makka ba aikinsu ba ne wannan. Araha ba ta ado.

KULA DA ITA

Da safe a wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulu, a bar ta ta bushe, a sa a akwatinta. Kada a zuba mata ruwan zafi, kada a bar ta a rana ko kusa da murhu, gama za ta lanƙwashe, kuɗi ya tafi a banza. A ɗaga ta daga inda yara da kare za su kai, domin kare yana son warinta ƙwarai. A goge baki kafin a sa ta. Ba a aron ta, ba a ba da aro. Duk ran da za a koma wurin likita a tafi da ita. Kwanakin farko yawu zai yi yawa, bakin zai ji baƙunta. A daure, mako ɗaya ko biyu akan saba.

YARA FA?

Iyaye da yawa za su ce ai nasu yaron ma yana yi. Cizon haƙora ya fi yawa a yara, kuma yawancinsu sukan bari da kansu. Haƙoran nono 20 ne, sukan fara faɗuwa wajen shekara 6, su ƙare wajen shekara 12. Da yake bakin yaro yana girma, ba a cika yi masa garkuwa ba, kada kuwa a sayo ta kemis a cusa masa. Kada a doke shi, kada a tashe shi da tsawa, bai san yana yi ba. A duba ko hancinsa yana toshewa, ko yana minshari, ko wani abu yana tsorata shi a gida ko a makaranta. In yana kukan ciwo, a kai shi asibiti.

KALMA TA ƘARSHE GA MAI WASIƘA

'Yar'uwa, kin ce abin ya fara shekara biyu da suka wuce. Ki zauna ki tuna me ya faru a gidanku ko a wurin aikinsa a lokacin. Maza da yawa sukan haɗiye damuwa da rana don kada iyali su tsorata, da dare kuma haƙora su biya bashin. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki tambaye shi cikin natsuwa abin da ke ransa. Ku buɗe littafin kuɗin gida tare, ku yi addu'a tare, in kuwa nauyin ya fi ƙarfinku ku nemi wani dattijo amintacce ko likita. Garkuwa za ta tsare haƙora, amma kayan da ke zuciya sai an sami mai kama masa.

Ki rubuto mana bayan an yi, mu ji yadda kuka ƙare. Sauran masu karatu kuma, wanda ke da tambaya a kan lafiyar iyalinsa ya aiko. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.